Gidan Sauro a Kan Murjani

Maigidana ya rasu ana sharar gona, kafin ruwan shuka ya sauka. Ya fita da safe da manjagara a kafaɗa, aka dawo da shi a amalanke. Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka da aka tashi daga zaman makoki gidan ya rage daga ni sai awaki biyu, sai kuma akwatin gilashin da ke cikin turakarsa.

Dole in yi bayanin akwatin nan, domin duk wanda na fara ba labarin a nan yake tsayar da ni. Malam ya yi shekaru a Jidda yana aiki a shagon masu sayar da kifin ado, har aka yi kame aka dawo da su gida. Da ya dawo sai ya riƙa shiga Kano yana kula da irin waɗannan akwatuna a gidajen masu hali, ya wanke, ya canja ruwa, a sallame shi. A can yake samo 'yan ɓalle-ɓallen murjani mai rai, ya kawo ƙauyenmu da ke gefen Kunci, ya dasa a nasa akwatin. Mu murjanin da muka sani shi ne na wuya. Wannan kuwa halittar teku ce, tana manne da dutse a cikin ruwan gishiri, tana ci, tana girma, ta buɗe in an kunna mata fitila, ta rufe in an kashe.

Iri uku ne a ciki, kuma ni na raɗa musu suna tunda na kasa riƙe nasu na Larabci. Akwai mai ƙaho, ruwan ƙasa, da rassa kamar ƙahon barewa. Akwai mai gashi, kore shar, wanda ke kaɗawa duk inda ruwa ya tura shi. Sai wasu ƙanana da suka shimfiɗu a kan dutse ɗaya, zagayayyu, tsakiyarsu ruwan goro, na kira su 'yan maɓalli.

Shekara da shekaru ina jin haushin akwatin nan. Sola guda ce a kan rufinmu, kuma shi ke shanye wutar. Fanka ɗaya ce a gidan, ba ni take yi wa fifita ba, fuskar ruwan take hurawa don kada ya ɗau zafi. Gishirinsa ma ba na miya ba ne, daga birni ake kawo shi a buhu. Mutanen gari in sun leƙa sai su ce, "To ina kifin?" Babu kifi. Malam ya yi ta bayani har ya gaji, suka yanke cewa zaman Jidda ya ɗan taɓa shi.

Sai ga shekarun nan da fetur ya tashi komai ya bi shi. Masu halin ma suka fara zubar da ruwan akwatunansu saboda man janareto, aikin Malam ya mutu, ya koma gona gaba ɗaya. Taki ya gagari talaka. Muka koma ɗora tukunya sau ɗaya a rana, awakinmu suka yi ta raguwa ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka ban taɓa ganin ya kashe wa murjanin nan fitila ba. Na sha faɗa masa cewa da ana yin miya da su da tuni na huta.

Takaba ta same ni a farkon damina. Wanda bai yi zaman takaba a ƙauye da damina ba bai san shiru ba. A wajenmu gona a jikin katanga take, ka fita daga zaure ka taka kunyar shuka. Tun da sassafe kowa ya fice, maza da mata da yara. Ina jin muryoyinsu ta bayan katanga, ina jin ƙarar fartanya, wani ya kira wani a miƙo masa ruwa, amma ba na ganin kowa. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa tun da aka yi shuka, kuma ban ga laifinsu ba, shekarar ba ta zama ba ce.

Da fari ina shiga turakar ne don in ƙara wa akwatin ruwan sama da na tace, yadda na ga yana yi, don kawai kada abin ya yi wari a gida. Sai na fara daɗewa. Ɗakin soro ne, mai sanyi, rigarsa tana rataye a ƙusa, buzunsa a shimfiɗe. In zauna a kan buzun in zuba wa mai gashi ido yana kaɗawa. Duk gidan shi kaɗai ke motsi ba tare da na taɓa shi ba. Ban san ranar da na fara yi musu magana ba. Ba wata magana ce mai ma'ana ba, labarin awaki ne, da na ɗigar da ke kusurwar ɗakina, da mita kan wanda ya tafi ya bar ni da su.

Ana saura kamar mako guda a yi sadakar arba'in, ɗaya daga cikin dogayen ƙwayayen fitilar ya fara ƙifce-ƙifce, washegari ya mutu. Ɗayan ma bakinsa ya yi baƙi. Na san akwai sababbi, domin kafin rasuwarsa ya sayar da ɗan akuya ya sayo su, muka yi kwana biyu ba na ce masa uffan. Na hau kujera na sauko da kwalin daga saman kabad, na cire tsofaffin, na murɗa sababbin har suka zauna. Da na kunna sai da na kare idona da hannu. Ɗakin duka ya koma shuɗi. A take 'yan maɓalli suka dunƙule, mai gashi ya shige cikin dutsensa kamar ba a taɓa yinsa ba.

Na kashe da sauri, na zauna. A nan na tuna wancan karon da Malam ya canja ƙwai. Na shigo na same shi da almakashi yana yanka tsohon gidan saurona.

Na ce, "Malam, sauro ne ya fara cizon 'ya'yan naka?"

Bai ko ɗago ba ya ce, "Ke dai ki yi ta tsiya. Ƙwan fitila tsufa yake yi kamar ido. A hankali haskensa ke raguwa, mu ba ma lura, su kuwa sun saba da dushi-dushin. In aka sakar musu sabo lokaci ɗaya ƙone su zai yi. Kin ga launin nan na jikinsu? Shi ke ciyar da su. In haske ya yi musu yawa sai su zubar da shi, su yi fari fat, yunwa ta ƙarasa su."

"To su ma sun san yunwa ke nan," na ce, na fice abina.

Amma na ga yadda ya yi. Ya shimfiɗa yankunan gidan sauron a kan bakin akwatin, wani kan wani, tsakanin fitila da ruwa. Kowace Juma'a ya cire ɗaya. Fitilar ma ba ya barinta wuni, da fari daga hantsi zuwa azahar, sannan ya riƙa ƙara mata lokaci kaɗan-kaɗan.

Na nemo yankunan nan a ƙarƙashin gadonsa, sun yi ƙura, sun yi jirwayen gishiri. Na kakkaɓe su na jera duka, na sake kunnawa. Hasken ya sauka a ruwan a tausashe. Na zauna ina jira har ƙafata ta yi sanyi. Can sai ɗan maɓalli guda ya buɗe, na kusa da shi ya bi, kafin azahar mai gashi ya leƙo. Tun ranar da aka fita da Malam ban yi dariya ba sai ranar, ni kaɗai a ɗaki kamar sabuwar kamu.

Yayar Malam tana aure a gidan da ke bayan namu. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma mace ce mai tsafta irin ta fitina, ko tsintsiya ta gani sai ta wanke ta. Shekara ashirin da wani abu ina gidan, ba ta daina kirana Amarya ba. Ranar arba'in tun kafin rana ta fito ta shigo da mata masu taya aiki. Ni aka zaunar da ni a ɗakina a kan tabarma, mata suna shigowa suna fita. Maza kuma aka yi musu shimfiɗa a zaure, da zauren ya cika aka buɗe turakar marigayi aka shigar da dattawa.

Wajen hantsi na ɗaga kai na dubi tsakar gida ta bakin ƙofa. Sai na ga yankunan gidan sauro a kan igiyar shanya, an wanke su tas, suna ɗigar ruwa.

Na yunƙura zan tashi, wata gwaggo ta riƙe mini zane.

"Ina za ki?"

"Turaka, Gwaggo. Yanzu zan dawo."

"Turaka cike da maza? Kina takaba? Zauna, 'yar nan, kada ki ja mana magana."

Na zauna. Tsakanina da akwatin nan katanga ɗaya ce, amma da a Jidda yake da bai fi haka nisa ba. Na kira wata maƙwabciyata na raɗa mata ta je ta sa a gaya wa ƙanin Malam ya kashe fitilar, ko a mayar da gidan sauron. Ta je ta dawo da amsa: wai a ce da matar wansa ta kwantar da hankalinta, babu mai taɓa masa kaya, yana tsaye a kai. Na sake aikawa. Wannan karon matan ɗakin suka fara kallon juna, wata ta ce, "Allah sarki, ba ta son a ga kayan mijinta." Wata ta miƙo mini ruwa.

Ina jin muryoyin mazan ta cikin katanga. "Ikon Allah!" "Kai, ashe haka abin yake da kyau?" "Ku dubi koren nan, jama'a." Mutanen da suka shekara suna yi masa dariya, ranar suka ga abin da yake gani. Na so a ce yana nan ya ji. Kuma na san abin da suke yabawa ƙonewa yake yi a gaban idonsu. Haka na wuni ina amsa "Ya haƙuri?" ina cewa "Da godiya," idona a kan igiyar shanya.

Da la'asar aka tafka ruwa, hanya ta ɓaci, baƙin da suka zo daga Zakirai suka kasa komawa. A turakar aka sauke su, suka ƙara wuni guda suna jiran hanya ta sha iska. Sai da suka tafi na samu shiga.

Abin da ya fara dukana zafi ne. An juya fankar daga kan ruwa an mayar da ita wajen shimfiɗar baƙi, wanda kuwa ko ni ce mai masaukin haka zan yi. Fitila tana ci, ban san tun yaushe ba. Na tsoma yatsa, ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri. Mai ƙaho ya yi fari tun daga tushe har sama, kamar ƙashin da ya kwana biyu a rana. Mai gashi ya shige, wani yauƙi yana tashi daga dutsensa. 'Yan maɓalli sun dunƙule, sun koɗe.

Ina tsaye Yaya ta shigo ɗaukar tabarmi. Ban gaishe ta ba.

Na ce, "Yaya, wa ya ce ki taɓa?"

Ta tsaya da tabarma a hannu. "Me na taɓa?"

"Gidan sauron. Rufin nan ba ƙazanta ba ce, magani ne. Kin kashe su."

Ta matso ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Amarya, na shigo shara na ga tsummokara a kan abin da ya fi so a duniya, ga dattawa za su shigo. In bari a ce ƙanena ya mutu an rufe kayansa da tsumma? Ni so na yi a gani. So na yi ko sau ɗaya a ce ba mahaukaci ba ne."

Ta ɗauki tabarminta ta fita, ni kuma na je igiya na kwaso yankunan gidan sauron.

Na koma farko. Na jera rufin duka, na ƙara da wani tsohon mayafina. Na mayar da fanka wurinta. Na riƙa ɗibar ruwan ina zubarwa, ina haɗa sabo da gishirin da ya rage a buhu, ina ɗanɗanawa da harshe ina kwatantawa da na akwatin. In hadari ya wuni batir bai cika ba, in haƙura da fitilar ɗakina da rediyo, in bar musu wutar.

Mai ƙaho bai dawo ba. Gansakuka ta hau shi, na san ya tafi, na ciro shi na kai gindin lemo na rufe da ƙasa. Mai gashi ya ja kwanaki, wata rana ya leƙo kaɗan har na sa rai, sannan ya narke. Wannan ya fi ci mini rai, domin shi ne mai motsin. Bayansa akwatin ya yi tsit kamar sauran gidan. Na yi kuka ranar fiye da yadda ya kamata a yi wa abin da ba shi da ido ba shi da baki, kuma na san ba shi kaɗai nake yi wa ba.

Saura 'yan maɓalli. Ba su buɗe ba, ba su kuma ruɓe ba. Kullum da hantsi in kunna musu fitila ta cikin rufin, in zauna. Gero ya yi kara a bayan katanga, ya fitar da kai, ya yi bununi, ni ina zaune gaban dutse guda ina jira. Wani lokaci Yaya takan shigo da ɗan kwanon fura, ta tsaya daga bakin ƙofar turaka, ba ta ƙetare dokin ƙofa. Ta ce, "Amarya, ya mai jiki?" In ce, "Da sauƙi, Yaya." Ta ajiye kwanon ta tafi.

Wata safiya na ga guda biyu a gefen dutsen sun ɗan saki baki. Farare ne, ba launi, amma a buɗe suke. Ban gaya wa kowa ba, tsoron baki nake yi. Na bar su suka ƙara mako, ranar Juma'a na cire mayafin. Juma'ar da ta biyo na cire yanki ɗaya, na wuni ina leƙe. Wata Juma'ar na ga kamar sun takura, na mayar da abin da na cire, na ƙara haƙuri. A haka launin ya fara dawowa, da fari kamar ruwan shayi marar kauri, daga baya tsakiyarsu ta ɗauko ruwan goronta. Lokacin da aka fara yankan gero na cire yanki na ƙarshe. Hasken ya sauka a kansu gaba ɗaya, ba su ko motsa ba. Har wasu ƙanana sababbi sun tsiro a gefen dutsen.

A makon ne na fita takaba, aka zauna rabon gado. Gida da gona suka tafi wajen dangin Malam, ni zan koma gidan wana a wani ƙauye gaba da namu. Da aka zo kan akwatin, ƙanin Malam ya ce, "Wannan na matar marigayi ne, babu mai ja. Har solar ta cire ta tafi da ita." Yaya ta ce haka ne. Sannan ya ƙara da cewa wani abokin aikin marigayi ya zo ta'aziyya daga Kano kwanan baya, yana kula da akwatin wani gida da har yanzu ba su zubar da nasu ba, ya ce in ba mai so zai karɓa. Amma ya ce shi ya gaya masa akwai mai so.

Kowa ya dube ni ana jiran in yi godiya. Ni kuwa buhun gishirin nake tunawa, wanda na kai ga kakkaɓe gindinsa. Na tuna ɗakin da aka ware mini a gidan wana, rufin kwano ne, da bazara ko kaza ba ta zama a ciki. Malam da soronsa ma sai da ƙanƙarar saye yake fitar da su daga bazara. In na tafi da su zan samu abokan zama na wata uku ko huɗu, sannan in zauna in kalle su suna yin fari a karo na biyu.

Na ce, "A kira mutumin."

Yaya ta ce, "Amarya, kin tabbata?"

Na ce, "A kira shi kafin in canja magana."

Ya zo da wata ƙaramar mota da bokiti mai murfi. Dattijo ne mai sanyin hali. Ya tsuguna gaban akwatin ya daɗe, sannan ya ɗebi ruwan ya zuba a bokitin, ya sa hannu biyu ya ɗauko dutsen. Suka dunƙule da ya taɓa su. Na miƙa masa yankunan gidan sauron a ƙulle, na fara cewa fitilar can gidan ba irin ta nan ba ce, kada a sakar musu ita lokaci ɗaya.

Ya ce, "Na sani, Hajiya, marigayi ne ya koya mini. Amma kawo, naki sun fi nawa laushi." Ya faɗa mini unguwar da gidan yake, da kalar ƙofarsa, ya ce duk ranar da na shigo birni in zo in gan su.

Sai bayan shekara biyu na shiga Kano, na raka matar wana asibiti. Da muka gama na ce ta jira ni a tasha. Na hau adaidaita, na sami unguwar, na sami gidan, babbar ƙofa ce ta ƙarfe da katanga mai waya a sama. Na tsaya ina gyara mayafi. Maigadi ya leƙo ta ƙaramar taga ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Baba, wajen wa kika zo?"

Na buɗe baki. Ban san sunan mai gidan ba, dattijon nan ma ban riƙe sunansa ba. Waɗanda na zo dominsu kuwa ban ga yadda zan faɗe su ga mutumin da ke kallona ta taga ba.

Na ce, "Yi haƙuri, ɗana, ɓatan gida na yi."

Ya rufe tagar. Na ɗan ƙara tsayawa a jikin katangar, sannan na tafi neman abin hawa, don matar wana tana jirana a rana.